Wasiƙa zuwa ga aminiyata a Kumasi

Tudun Wada, Zariya

Aminiyata,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, ke da maigida da yara. Yaya Kumasi, yaya damina? Saƙon ta'aziyyarki ya iso tare da turmin atamfar, Allah ya bar zumunci. Ki yafe mini shirun da na yi, ina cikin takaba hannuna ya ƙi alƙalami.

Na fita ranar Alhamis ta makon jiya, wata huɗu da kwana goma cif. Lallen ƙafata bai gama kamawa ba Yaya Babba ya aiko in zo gida cikin birni. Na tarar sun gama magana tun kafin in cire takalmi. In tattara in koma ɗakin Inna, yara maza su tafi wurin baffansu, gidan a sa shi a kasuwa. Sannan akwai wani abokin Yaya mai mata biyu da ya nuna yana so, har an ba shi baki. Aka yi addu'a za a tashi, ba wanda ya dube ni.

Sai na ce ban yarda ba. Wallahi muryata rawa take yi, gwiwata ma haka, amma na faɗa, na kuma maimaita.

Kin san ni, ke da muka kwana a gado ɗaya a makarantar kwana. Ina da shekara 19 Baba ya ba da ni, ban ce uffan ba, Allah kuma ya sa na dace da mutumin kirki, Allah ya jiƙansa. Na gama NCE, karatun koyarwa, da goyo a bayana, takardar ta kwanta a ƙasan akwati fiye da shekara ashirin, don gida ya fi buƙatata. Ban yi da-na-sani ba. Amma yau shekarata 44, na yi jinyar miji wata tara, na aurar da 'ya, na san kuɗin buhun masara da na makarantar kowane yaro. A ce macen da ta ɗauki duk wannan ba ta isa a tambaye ta inda za ta kwana ba? Wannan ne ya tsaya mini a maƙogwaro.

Ban yi gaban kaina ba, kada ki zata. Na yi istihara, na kuma je wurin malamarmu ta Islamiyya. Ta karanto mini hadisin da ke cikin Muslim, cewa bazawara ta fi waliyyinta iko da kanta, da labarin Khansa'u wadda mahaifinta ya aurar ba da sonta ba, Annabi (SAW) ya warware auren. Ta tuna mini Nana Khadija tana da shekara arba'in, da kasuwancinta, ita ta zaɓi mijinta. Abin da ya fi taɓa ni shi ne maganar riƙo. A mazhabarmu ta Malikiyya uwa ce ke riƙe ɗa namiji har ya balaga, mace har ta tare a ɗakin mijinta, amma in uwar ta auri bare riƙon ya bar hannunta. Auta shekararsa tara, har yanzu da dare sai ya laluba ya ji ina nan. Gidan kuwa tumuni, kashi ɗaya cikin takwas, ne rabona, mafi yawansa na marayu ne, to a kan me za a sayar musu da inuwarsu?

Ga abin da na yanke. Ina nan a ɗakina da 'ya'yana. Wata makaranta mai zaman kanta a unguwarmu ta ɗauke ni koyarwa a firamare, albashin ba yawa, amma da keken ɗinkina za mu rufa wa kanmu asiri. Na kuma cike fom na jami'ar karatu daga gida, NOUN, in ƙarasa digiri. Babban ɗana ke koya mini shiga intanet a waya. Aure ban rufe ƙofarsa ba, in ya zo ni zan duba, ni zan amsa.

Abin da zafi, ba zan ɓoye miki ba. Yaya Babba ba ya amsa gaisuwata, shi da ya goya ni. A gidan suna na ji ana cewa zawarci ya yi mini daɗi. Wani daren in kasa barci ina lissafi, ina tsoron kada abin ya gagare ni a ce ai an faɗa mata. Duk da haka kowace Juma'a zan je gidansa in durƙusa in gaishe shi, har ranar da zai amsa.

Alfarma ɗaya nake nema. Ki kira Inna, tana jin maganarki. Ta yi kuka ranar, amma da zan tafi ta riƙe hannuna ta daɗe ba ta saki ba, ina ganin zuciyarta na tare da ni, kunyar Yaya take ji. Ki kwantar mata da hankali.

Ki gaida maigida da yara da mutanen zango. In kin shigo da babbar Sallah, a ɗakina za ki sauka.

Taki har kullum,
Aminiyarki