Roƙon Tallafi: Kada Mu Soke Wa Yaranmu Darussan da Suka Zaɓa da Hannunsu

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ya ku iyayenmu maza da mata, malamanmu, Alhazai da Hajiyoyin unguwa, da tsofaffin ɗaliban wannan makaranta na gida da na nesa, kwamitin Islamiyyarku ne ke sallama a ƙofarku, kuma da buƙata muka zo. Saura mako biyu a buɗe sansanin karatun dogon hutu. Yara sun karɓi fom sun cike, kowa ya yi alama a kan darasin da ransa ke so, iyaye sun sa hannu. Amma ɗakin da za a koyar da rabin darussan nan yoyo yake yi, kayan aikin kuma ba su kai ko'ina ba.

Duk wanda ke shakka, ya biyo bayan sallar la'asar a buɗe masa ɗakin sana'a, na ƙarshe a ɓangaren gabas. Ruwan makon jiya ya yaye kwano daga kusurwa, silin ya jiƙe ya yi ciki, wani wajen ya rufto a kan benci. Bokitai da robobi ne jere a tsakar ɗaki suna tarar ruwa. Kekunan ɗinki sun fara tsatsa a wajen allura. Kwamfutocin da suka rage kuwa, cikin dare mai gadi da wasu samari suka kwashe su zuwa ofishin shugaban makaranta, aka lulluɓe su da leda. Ga shi yanzu ne za a shiga Agusta, kuma kowa a Kano ya san ruwan Agusta ba ya ɗaga ƙafa.

Ga waɗanda ba su san yadda sansanin yake ba: mako huɗu ake yi. Da safe kowane yaro yana zama darussan dole, wato Alƙur'ani, lissafi da Turanci. Bayan azahar sai a watsu zuwa darussan zaɓi, kowa ya ɗauki biyu. Waɗanda suka taɓa zuwa IVC, wato sansanin karatun addini na lokacin hutu na ƙungiyar ɗalibai Musulmi, a zamaninsu sun san daɗin irin wannan zama, sai dai namu na unguwa ne, yaro yana kwana a gidansu. Wannan ɓangaren na bayan azahar shi ne abin da ke fito da yara daga gida ba tare da an kora su ba, kuma shi ne yake cikin haɗari a bana.

Darasin kwamfuta ya fi kowane cika. Tun 2015 hukumar JAMB ta daina jarrabawar takarda da fensir, komai ya koma kan kwamfuta: tambaya 180 cikin awa biyu, 60 na Turanci, sauran darussa uku kowanne 40. WAEC ma ta fara tata ta kwamfuta a 2024 ga masu zana jarrabawa a ƙashin kansu. Malamanmu da suka raka ɗalibai cibiyar jarrabawa sun dawo da labarin da bai yi mana daɗi ba. Yarinya ta sauke Alƙur'ani, ta san karatun bokonta, an zaunar da ita gaban kwamfuta karon farko a rayuwarta, hannunta na rawa a kan linzami, agogo na tafiya a saman allon, ita kuwa tana neman inda za ta danna ta wuce tambaya ta gaba. Abin da ake buƙatar ta sani bai taka kara ya karya ba: A, B, C, D na amsa, N na gaba, P na komawa baya, S na miƙawa. Yaron da ya yi mako huɗu yana taɓa madannai zai shiga ɗakin nan hankalinsa kwance. Wanda bai taɓa ba, zai bar maki a teburin ba don bai sani ba. Yanzu haka kwamfutocin da ke tashi a wurinmu ba su wuce a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba, masu son darasin kuma sun cika aji biyu. A bara yara shida-shida suke zagaye kwamfuta ɗaya, mai ƙarfin kafaɗa ya taɓa, mai kunya ya tashi da kallo kawai. Mafi yawan masu kunyar nan 'yan mata ne.

Sai ɗinki. Wata baiwar Allah tela a unguwar nan ta ɗauki nauyin koyar da 'yan mata kyauta, wani tela kuma zai riƙe maza. A bara yarinya 'yar aji biyu na ƙaramar sakandare ta fita daga sansanin da hijabin da ta yanka ta ɗinka da kanta, mahaifiyarta ta zo har ofis da shi a hannu tana nuna wa malamai layin ɗinkin, tana cewa a duba, bai karkace ba. Yanzu yarinyar ita ke yi wa ƙannenta gyaran kayan makaranta. Irin wannan muke so ya yawaita. Amma kekunan namu na ƙafa ne tsofaffi, wani babu ƙoshiya, wani igiyarsa ta tsinke, wani sai mai gyara ya kwance shi gaba ɗaya. Babu isassun almakasai, babu tef ɗin awo, babu yadin gwaji. 'Yan'uwanmu na Kantin Kwari, ragowar yadin da ke jibge a bayan shago, wanda ba mai saye, a wurinmu kayan karatu ne.

Gyaran waya da haɗa sola su ne sabbin da muka ƙara a bana, kuma samari ne suka roƙa da bakinsu. Wani tsohon ɗalibinmu da ke da teburin gyara a kasuwar waya ta Farm Centre ya ce zai riƙa rufe teburinsa da wuri sau biyu a mako ya zo ya koyar. Abin da ya nema kawai ƙarfen dalma, mita, ƙananan sukudireba, da matattun wayoyin da yara za su kwance su ɗaura. Kusan kowane gida akwai matacciyar waya a cikin durowa. Na sola kuma yana buƙatar fanel ko guda biyu, batir da inbata ƙarama, waɗanda bayan sansani su ne za su riƙa tayar da kwamfutocin idan an ɗauke wuta.

Sauran darussan, alhamdu lillahi, ba su da tsada. Akwai tajwidi na musamman ga masu shirin musabaƙa, domin muna da yaran da muke fatan wata rana su wakilci jiha a musabaƙar ƙasa da Jami'ar Usmanu Danfodiyo ke shiryawa tun 1986. Akwai kyautata rubutun Larabci da ajami, akwai muhawara da Hausa da Turanci, akwai taimakon gaggawa da wata ma'aikaciyar jinya za ta koyar. Waɗannan ko a ƙarƙashin darbejiyar tsakar makaranta za a iya yin su, in ruwa ya bari.

Mun ji masu cewa, Islamiyya ce, me ya haɗa ta da gyaran waya? Muna girmama masu wannan magana, wasunsu iyayenmu ne da suka kafa makarantar tun tana zaure. Amsarmu ita ce, yaron da ke karanta mana hizbi da safe, shi ne dai zai fita da yamma ya tarar da majalisar da ake shaye-shaye a bakin lungu. Dukkanmu muna jin labarin ƙwacen waya da faɗan daba a garin nan, wasunmu ma abin ya taɓa gidajensu. Hutun sama da wata guda ga ɗan shekara goma sha biyar da babu abin yi a hannunsa ba ƙaramin abu ba ne. Malamanmu na dā ma ba su raba karatu da sana'a ba: almajiri yana karatu yana ɗinkin hula, yana yankan farce, yana rubutun allo. Gwamnatin tarayya kanta, a sabuwar manhajar da ta sanar a 2025, ta sa sana'o'i irin su haɗa sola, ɗinki, kiwo, da gyaran waya da kwamfuta. Makarantun masu hali za su sayi kayan aikin su koyar. 'Ya'yan unguwarmu fa, wa zai saya musu?

Kuma abin da ya sa muka nace a bar yaro ya zaɓa shi ne, mun ga bambancin. Akwai yaron da malaman safe suka gaji da shi, ba ya zama, ba ya kawo hadda. Da aka ba shi sukudireba a hannu, sai ga shi yana riga kowa zuwa, kuma da yake sharaɗin shiga darasin yamma shi ne halartar na safe, haddarsa ma ta gyaru. Idan muka ce masa bana babu, ka koma ajin da akwai gurbi, mun san ba zai dawo ba.

Ba za mu wuce ba tare da ambaton alherin da aka yi mana ba. Kwamfutocin nan da muke lulluɓewa da leda, wani tsohon ɗalibinmu ne da ke aiki a Abuja ya aiko da su shekarun baya, ya ce kada a faɗi sunansa, har yau ba mu faɗa ba. Janaretan makaranta wani Alhaji ne ya saya, Allah ya jiƙansa, ya rasu bai ga sansani na biyu ba, amma duk yaron da ya koyi danna madannai da wutar janaretan nan, muna kyautata zaton ladan yana isa kabarinsa. Akwai wata tsohuwa mai tuyar ƙosai a bakin masallaci, ba ta da ɗa ko jika a makarantar, amma duk Juma'a sai ta kira ma'ajinmu ta kwance bakin zaninta ta ba shi abin da ya samu, ta ce a saya wa yara alli. Ranar da ba ta yi ciniki ba, sai ta ba da haƙuri kamar bashi ake bin ta. Matan unguwa kuma a bara su suka yi karo-karo a adashinsu suka ciyar da marayun sansanin har aka tashi. Allah ya san su ɗaya bayan ɗaya, ya saka musu da gidan Aljanna.

Amma akwai ɗaya gefen, kuma dole mu faɗa, ko da zai yi ɗaci. A taron saukar Alƙur'ani na bara an yi alƙawura a bainar jama'a, da lasifika. An yi kabbara, an yi addu'a, an rubuta a littafi. Wani ya ce rufin ɗakin sana'a gaba ɗaya a wuyansa. Saboda wannan alƙawarin ne kwamiti bai nemi kuɗin rufi a wani wuri ba duk tsawon rani, lokacin da aikin zai fi sauƙi. Mun je, mun koma, mun aika manya, har muka fara jin nauyin sallama a ƙofar gida. Ba mu kama sunan kowa ba, ba kuma za mu kama ba. Mun san halin da ake ciki, kasuwa ta canza, mai niyya yana iya gazawa. Muna dai tuna wa 'yan'uwanmu cewa littafin yana nan, ƙofa kuma a buɗe take. Wanda ba zai iya cika duka ba, ya kawo rabi, ko ya aiko mana da kalma ɗaya mu san matsayinmu.

Mu kuma sauran, mu tambayi kanmu tsakaninmu da Allah. A unguwar nan ake fitar da anko kala uku a biki ɗaya. A unguwar nan ake sa wa waya data duk mako ba a ji ciwo ba. Yaran nan ba baƙi ba ne, su ne ke gaishe mu a hanyar masallaci, su ne muke aika sayen kati da ƙanƙara. Bai dace a ce mai ƙosai ta fi masu shaguna da masu albashi tuna makarantar da 'ya'yansu ke ciki ba. Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya gaya mana ayyuka uku ne ba sa yankewa bayan mutuwa: sadaka mai gudana, ilimin da ake amfana da shi, da ɗa nagari mai yi wa iyaye addu'a. Keken ɗinki ɗaya a ɗakin nan yana iya haɗa wa mutum biyu daga ciki.

Game da lissafi, kafinta ya hau ya duba, ya ce ana buƙatar kwano bandir biyu, katako, ƙusa da silin, ban da kuɗin aiki. Bayan rufi sai gyaran kekuna, ƙarin kwamfutoci ko da na hannu ne, kayan sola, man janareta, da ɗan kuɗin mota ga malaman sa-kai, don tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kowa ya san yadda kuɗin adaidaita sahu ya koma. Da ruwan ciki ake jan na rijiya, saboda haka 'yan kwamiti da malamai mun fara haɗa namu, kuma ya isa sayen katako. Kuɗin fom da iyaye suka biya abincin rana kawai yake ɗauka, marayu kuma ba a karɓi ko kwabo a hannunsu ba. An ba mu shawarar mu ƙara kuɗin fom ga masu son kwamfuta da sola, muka ƙi, don ranar da aka yi haka darussan sun zama na 'ya'yan masu shi.

Ba sai kuɗi ba. Mai kwano a Ƙofar Ruwa ya ba da kwano. Mai tsohuwar kwamfuta a ofis da ba a amfani da ita ya aiko, muna da mai gyara. Hajiyar da kekenta ke ajiye a ɗaki tun na aure, ta ba mu aro na wata ɗaya, za mu mayar da shi da mai a jikinsa. Kafinta ko birkila da zai ba da yini ɗaya, muna maraba. Masu ba da kuɗi su ga ma'ajin kwamiti a ofishin makaranta bayan la'asar, ko a ƙofar masallaci bayan sallar Juma'a, a karɓi rasit. Na nesa su tuntuɓi shugaban makaranta a ba su lambar asusu. Mata kuma su miƙa ta hannun shugabar malamai mata.

Kwamiti zai zauna ranar Asabar ta sama bayan isha'i. Abin da ke hannu a daren nan shi zai nuna darussan da za a buɗe da waɗanda za a soke, domin dole a sanar da yara kafin ranar farawa, kafinta kuma yana buƙatar kwana huɗu ba ruwa a kansa. Don Allah, wanda ya yi niyya kada ya jira ranar. Wanda ya karanta ya tura wa ɗan'uwansa, musamman tsofaffin ɗalibanmu da ba su cikin zauren WhatsApp na makaranta.

Allah ya ba da ikon taimakawa, ya sa albarka a dukiya da zuriya, ya jiƙan magabatanmu. Amin.

Wassalamu alaikum.

Sakatare, a madadin Kwamitin Makaranta