Wasiƙar Godiya ga Cibiyar Al'adu ta Clemente Soto Vélez da ke Birnin Niyok

Zuwa ga shugabanni da ma'aikatan Cibiyar Al'adu da Ilimi ta Clemente Soto Vélez,
Lamba 107, Titin Suffolk, Manhattan.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, na rubuto muku wannan wasiƙa ne domin in yi godiya a bainar jama'a bisa karɓar da kuka yi wa wata ƙaramar ƙungiyar wasan kwaikwayo da harshen Sifaniyanci da nake yi wa ɗinki. Ni tela ne, haifaffen Kano, mazaunin Bronx, kuma Sifaniyancina bai wuce na gaisuwa da ciniki ba. Na rubuta da Hausa saboda ina so 'yan'uwana da ke nan Amurka da waɗanda ke gida su karanta, 'yata kuma ta yi alkawarin fassara muku ita. Hausawa na cewa yaba kyauta tukuici, ni kuwa ba ni da wani tukuici da zan ba ku wanda ya wuce in faɗi abin da idona ya gani.

'Yan ƙungiyar nan maƙwabtana ne, yawancinsu 'yan Jamhuriyar Dominika, sai wasu 'yan Puerto Rico da mace ɗaya daga Honduras. Babu ko ɗaya daga cikinsu da yake ci da wasan kwaikwayo. Akwai mai tuƙa tasi, akwai masu jinyar tsofaffi a gidajensu, akwai mai aikin girki a makarantar yara, shi kuwa daraktan nasu, wanda ya yi karatun wannan sana'a a Santo Domingo, da rana fenti yake yi. Da rage tsawon wando muka fara sanin juna a shagona, daga baya suka kawo mini aikin kayan da za su saka a wasansu. Wasan labarin wata uwa ne da ke jiran kuɗin da ɗanta yake aikowa daga Niyok, shi kuma yana ɓoye mata irin wahalar da yake sha kafin ya same su. Ko da aka yi mini bayaninsa ban nemi ƙarin fassara ba, domin babu baƙo a wannan birni, ko daga ina ya fito, da bai san wannan labari ba.

Dole in tsaya a kan wahalar da suka sha kafin su iso ƙofarku, domin wanda bai san ta ba zai ɗauka godiyata ta yi yawa. Sun fara gwajin wasa a falon ɗaya daga cikinsu har maƙwabta suka kai ƙara wurin mai gida saboda hayaniya. Suka koma ɗakin ƙarƙashin ƙasa na wani wurin ibada, inda aka yi musu kirki daidai gwargwado, amma duk ranar da wani taro ya taso sai su tarar da ƙofa a kulle ba tare da an sanar da kowa ba, alhali wasunsu sun bar aikin yini sun biya kuɗin jirgin ƙasa sun zo. Da lokacin neman zauren da za a nuna wasan ya yi, na raka daraktan wurare da dama saboda Turancina ya ɗan fi nasa, kuma abin da na ji da kunnena har yanzu yana ɓata mini rai. A wani zauren biki an yanka mana kuɗin awa ɗaya da ya kusa kai abin da mai jinyar tsofaffi take samu a mako, aka ce kuma mu kawo kafin alƙalami da takardar inshora kafin ma a nuna mana cikin ɗakin. A wani gidan wasa da yake tallan kansa da cewa na kowa da kowa ne, saurayin da ke kan tebur bai ko ɗago kai daga kwamfutarsa ba, ya ce mu aika saƙo ta intanet; muka aika, shiru, muka sake aikawa, shiru. Wanda ya fi ƙona mini rai shi ne wani mutum mai fara'a da ya zaunar da mu ya ba mu ruwa, ya saurari bayanin wasan har ƙarshe, sannan ya tambayi daraktan ko ba zai yiwu a mayar da shi Turanci ba domin a samu 'yan kallo.

Wannan tambaya ce da ake yi a birnin da kusan mutum ɗaya cikin huɗu yake magana da Sifaniyanci a gidansa, kuma ƙidayar 2020 ta nuna cewa fiye da rabin mazauna Bronx 'yan asalin ƙasashen Latin Amurka ne. Ba kuma sabon abu ba ne a nuna wasa da wannan harshe a nan. Tun 1967 'yar wasan kwaikwayo Miriam Colón ta kafa ƙungiyarta ta 'yan Puerto Rico da ke bin unguwanni da wuraren shaƙatawa tana nuna wasa kyauta, a 1968 aka kafa gidan wasa na Repertorio Español, Thalia ta buɗe a Queens a 1977, Pregones kuma a Bronx ɗinmu a 1979. Mutanen da suka shafe fiye da shekara hamsin suna cika zaure da harshensu, a ce har yau ana tambayarsu ko suna da masu kallo, ni a ganina wannan ya wuce rashin sani, ya zama raini. Daraktan bai ce komai ba a wurin, amma a cikin jirgi da muke komawa ya ce mini yana ganin gara a haƙura a raba wa kowa ɗan abin da aka tara.

Wata malamar makaranta ce da ta taɓa kai ɗalibanta kallon wasan 'yar tsana a ginin naku ta ba mu shawarar mu gwada ku. Gaskiya ban tafi da wani kyakkyawan zato ba, domin na riga na saba da cewa duk ginin da ke Manhattan yana da tsada da girman kai. Mun sauka a tashar Delancey, muka taka zuwa kusurwar Suffolk da Rivington, muka tarar da tsohon ginin makarantar gwamnati mai lamba 160, wanda aka gina a ƙarshen shekarun 1890. A ofis muka sami wata baiwar Allah, dattijuwa, wadda ba zan faɗi sunanta ba saboda ban nemi izininta ba, amma abokan aikinta za su gane ta. Abu na farko da ta yi shi ne ta miƙe tsaye ta gaishe mu. Sai ta juya ga daraktan ta yi masa magana da harshensa, ni da na zo a matsayin tafinta na koma ɗan rakiya, kuma ban taɓa jin daɗin rasa aiki irin na wannan rana ba. Na ga mutumin da ya yi watanni yana in-ina da Turanci a gaban masu zaure ya saki jiki yana bayanin wasansa da hannu da fuska, tana yi masa tambayoyin da sai wanda ya san sana'ar zai yi: mutum nawa ne a kan dandamali, tsawon wasan nawa ne, akwai hutu a tsakiya ko babu, kayan da za a kafa suna da nauyi ko za a iya ɗauke su cikin dare ɗaya.

Ba ta yi mana alkawarin abin da ba za ta iya ba. Ta faɗa mana kai tsaye cewa kwanakin da muka fi so an riga an ba wasu, ta buɗe jadawali ta nuna mana waɗanda suka rage. Ta yi lissafin kuɗin haya a gabanmu, ta rubuta abin da ke ciki da abin da ba ya ciki, ta bayyana dalilin da ya sa ake neman inshora da irin wadda ta ishi ƙaramar ƙungiya, abin da duk sauran wuraren suka riƙa jefo mana ba tare da bayani ba. Ta kuma gaya wa daraktan cewa akwai tallafin da hukumomin al'adu na birni da na jiha suke bayarwa ga ƙananan ƙungiyoyi, ta ce masa ya riƙa adana hotuna da rasiɗai da adadin 'yan kallo domin ranar da zai nema. Ba aikinta ba ne ta koya masa wannan. Da ta lura ina duba agogo, ta tambaye ni ko sauri nake yi, na ce mata lokacin salla ne ya yi, sai ta kai ni wani ɗaki mai tsabta da babu kowa, ta nuna mini inda zan sami ruwa, ta ja mini ƙofa.

Sauran aiki ya tafi yadda aka rubuta. An buɗe ƙofa a kan lokaci, fitilu da kayan sauti sun yi aiki, mai kula da su ya zauna da daraktan har aka daidaita hasken kowane fage, ni kuma na sami tebur da wurin jona dutsen guga a ɗakin sauya kaya. Zaure ya cika, har da wasu 'yan'uwana Hausawa da na ja suka zo suna gunaguni, suka bi wasan ta fassarar Turanci da 'yan ƙungiyar suka haska a saman dandamali, kuma ɗaya daga cikinsu ya fito yana share ido yana cewa mura ce. Da aka zo biyan ƙarshe, abin da aka faɗa mana ranar farko shi muka biya.

Daga baya na nemi sanin mutumin da cibiyar take ɗauke da sunansa, na ji cewa marubucin waƙoƙi ne ɗan Puerto Rico, haifaffen garin Lares a 1905, wanda aka ɗaure a 1936 saboda fafutukar neman 'yancin ƙasarsa, ya yi zaman kurkuku a Atlanta, daga baya ya zauna a Niyok yana hidimar jama'arsa, ya rasu a 1993, shekarar da aka kafa cibiyar. Na kuma ji cewa a cikin ginin akwai gidajen wasa irin su Teatro SEA da LATEA da zauren Flamboyán, ga ɗakunan aikin masu zane a benaye. Wannan ya sa na fahimci dalilin da ya sa dattijuwar nan ba ta yi mamakin ganinmu ba: irinmu ne suka kafa wurin.

Abin da ke damuna shi ne yadda irin waɗannan wurare suke ƙaranci, kuma ba da kansu suke ɓacewa ba. Tafiyar 'yan mintoci daga ƙofarku, a Titi na Tara, akwai wani tsohon ginin makaranta mai lamba 64, wanda mai zanen gine-gine ɗaya, C. B. J. Snyder, ya tsara shi da naku. 'Yan unguwa sun karɓe shi a ƙarshen shekarun 1970 lokacin da aka yi watsi da shi, suka mayar da shi cibiyar CHARAS, inda ake gwajin wasa da rawa da nuna finafinai. A 1998 gwamnatin birni ƙarƙashin magajin gari Rudolph Giuliani ta yi gwanjonsa, a ƙarshen 2001 aka fitar da su, ginin kuwa ya shafe fiye da shekara ashirin a kulle babu mai amfana da shi. Duk mai son sanin abin da ake asara idan aka bar kuɗin haya kaɗai ya yanke hukunci, ya je ya dubi wannan gini sannan ya dawo ya dubi naku. A Bronx kuwa zauren biki ba ya ƙirguwa, amma masu su ba su san komai ba sai awa da kuɗin awa, ba ruwansu da ko wasa za ka nuna ko kaya za ka jibge. Ana yawan rubuta kalmar al'umma a kan allunan ƙofa, amma mutumin da ya shigo da kayan aikin fenti a jikinsa yakan gane tun daga kallon farko ko an ƙidaya shi a cikin al'ummar.

Mu ma Hausawa da sauran 'yan Afirka ta Yamma da ke wannan birni ba mu tsira daga wannan zargi ba. Mun yi ƙoƙari wajen masallatai da ƙungiyoyin taimakon juna, amma ban san wani ɗaki da yaranmu za su shiga su shirya wasa da harshen iyayensu ba, alhali na taso a Kano lokacin da ƙungiyoyin dirama na unguwanni suke cika filayen makarantu kafin zuwan finafinan bidiyo. Ina fata shugabannin ƙungiyoyinmu za su kawo muku ziyara su ga yadda ake riƙe irin wannan wuri.

Roƙona gare ku shi ne ku isar da wannan godiya ga dattijuwar ofis da mai kula da fitilu da kuma masu shara da suka jira mu muka gama kwashe kaya cikin dare ba tare da sun ɗaure mana fuska ba. Ina kuma roƙon 'yan majalisar birni da ke da hannu a kasafin al'adu su ci gaba da tallafa wa wannan gini, wanda mallakar birnin ne. Daraktan ya ce in shaida muku cewa ya fara rubuta wani sabon wasa, kuma zai zo da wuri a wannan karo domin ya sami kwanakin da yake so.

Allah Ya saka da alheri, Ya ƙara ɗaukaka.

Naku mai godiya,
Wani tela mazaunin Bronx.