Kada a ba da shaidar malanta ga wanda bai taɓa riƙe aji ba

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon fili a jaridarka don mu yi magana kan karatun da ake ba ɗaliban jami'a masu shirin zama malaman makaranta. Duk shekarar da sakamakon BEPC, jarrabawar kammala ƙaramar sakandare, ya fito babu daɗi, sai ka ji ana zagin yara, ana zargin iyaye, ana tsine wa wayar salula. Da wuya a koma a tambayi yadda aka horar da wanda ke riƙe da alli.

Malaman firamare daga makarantun horar da malamai na ENI suke fitowa, irin ta Kaocen da muke da ita nan Tawa. Na CEG da lise, wato ƙaramar sakandare da babba, kuwa hanyarsu ta jami'a ce: akwai ENS, babbar makarantar horar da malamai ta Jami'ar Abdou Moumouni a Yamai, wadda ita ce kuma ke horar da sufetoci da masu ba malamai shawara, akwai kuma tsangayar kimiyyar ilimi ta Jami'ar Djibo Hamani a nan garin. A tsarin LMD da jami'o'inmu ke bi, lisans, wato digirin farko, shekara 3 ce, zango 6, kowane zango kiredi 30, jimla 180. Kiredi ɗaya ana ƙiyasta shi da aikin ɗalibi na awa 20 zuwa 25. Ke nan mai lisans ya zuba aƙalla awa 3,600 a karatunsa. Tambayarmu ita ce: awa nawa daga ciki ya yi a tsaye gaban yara, wani gwani na zaune a bencin baya yana kallonsa?

Ba mu raina darussan aji ba. Dole malamin lissafi ya san lissafi fiye da abin da zai koyar, dole ya san yadda hankalin yaro ke girma, ya kuma san dokar LOSEN ta 1998 da ta tsara ilimin ƙasar. Inda gizo ke saƙa shi ne yadda ake cin irin waɗannan darussa: a yi shifta, a buga fotokwafi, a haddace, a juye ran jarrabawa. Ɗalibi na iya jero matakai huɗu na girman hankalin yaro da masani Piaget ya tsara ya samu 15 bisa 20, amma ran da yaro ya rubuta masa 1/2 + 1/3 = 2/5 sai ya ja jan biro ya wuce, don ba a taɓa nuna masa daga ina kuskuren ya taso ba.

Ga inda ya taso. Yaron ya haɗa na sama da na sama, na ƙasa da na ƙasa, saboda duk lissafin da ya sani a baya haka yake tafiya, kuma bai ɗauki 1/2 a matsayin adadi ɗaya ba, lambobi biyu yake gani da sanda a tsakani. Maimaita masa ƙa'ida sau goma ba ya warkar da shi. A ba shi tsinken takarda ya naɗe gida shida. Rabi gida uku ne, sulusi gida biyu, ya ƙirga da yatsansa ya ga biyar cikin shida. Sannan a tambaye shi: 2/5 ta kai rabi? Ba ta kai ba. To yaya za ka ƙara wani abu a kan rabi ya koma ƙasa da rabi? Haka nan yaron da ya rubuta -3 - 5 = 8, ya ji ana rera cewa ragi da ragi na ba da ƙari, ya ɗauko ƙa'idar ninkawa ya kai ta inda ba gidanta ba. Ka ce masa ana bin ka bashin dala uku ka sake cin bashin dala biyar, nan take zai ba ka amsa. Kowane fanni na da irin waɗannan kurakurai da ke dawowa kowace shekara kamar damina. Darasin dabarun koyar da fanni kamata ya yi a gina shi a kansu, da takardun yara na gaskiya da aka tattaro daga makarantu aka goge sunaye, kowane ɗalibi ya zauna da guda talatin ya rarraba su bisa irin kuskuren.

Sai kuma sanin wanda za a tarar a aji. Binciken PASEC na 2014, mai auna ilimin yaran firamare a ƙasashen Afirka, ya nuna cewa yaran ƙarshen firamare a Nijar da suka kai matakin da ake so a karatu ba su kai 10 cikin 100 ba. A na 2019 an matso zuwa wajen 30. An samu ci gaba, amma ma'anarsa har yanzu ita ce sabon malami da aka ba ajin sizyam, ajin farko na CEG, zai sami yara da yawa da ba sa iya karanta tambayar da ya rubuta. Shi kuwa an horar da shi kamar kowa ya iya. Don haka muke ganin duk mai shirin koyarwa a CEG, ko da lissafi da fizik zai koyar, ya kamata ya iya gwajin karatu na minti ɗaya: gajeren rubutu, yaro ya karanta da ƙarfi, malam na riƙe da agogo yana ƙirga kalmomin da aka faɗa daidai. In aji na da yara 80, kowane ya ci minti 2, minti 160 ke nan, ƙasa da awa uku a makon farko. Daga nan ya san masu karatu sarai, masu tuntuɓe, da waɗanda ko baƙaƙe ba su gama ganewa ba, ya san yadda zai zaunar da su.

Fish, wato takardar shirin darasi, kowa na koyon ta, amma yawanci ana koyon cika gurabe ne kawai: aji, fanni, manufa, kayan aiki, matakai. Abin da ke kayar da sabon malami minti ne. A ɗauki darasi na minti 55. Biyar na kiran suna da cika littafin aji, biyar na bitar jiya, goma na gabatar da matsalar yau, sha biyar yara su yi aiki da kansu, goma a taƙaita a babban allo su kwafa, goma na ƙarshe a gwada ko sun gane. A takarda ya yi kyau. A aji kuwa kiran suna 80 ɗaya bayan ɗaya ya cinye goma, sai dai in an tsara wurin zama, shugaban kowane layi ya faɗi wanda bai zo ba. Taƙaitawa mai layi goma sha biyu yaron sizyam ba ya gama kwafarta a minti goma. Abin da ake yankewa kullum shi ne gwajin ƙarshe, wanda shi ne kaɗai zai gaya wa malam ko ya koyar ko surutu ya yi. Duk fish ɗin da ba a rubuta a cikinta tambayoyin da za a yi kalma da kalma ba, da amsar kuskure da ake tsammani, da abin da za a bari in lokaci ya ƙure, bai kamata ta ci maki ba.

Babban allo ma sana'a ce. A raba shi gida uku: hagu na kwanan wata da kan darasi da sababbin kalmomi, tsakiya na abin da za a kwafa, dama na gwaji da gogewa. A je bencin ƙarshe a duba ko rubutun na karantuwa, a lura da gefen da hasken taga ke kashewa. Kada a yi magana ana fuskantar allo. Ƙaramin allo kuma, wanda 'yan CEG ke ganin sun girme shi, babu abin da ya kai shi a aji mai cunkoso: a yi tambaya, a buga tebur sau ɗaya kowa ya rubuta, a sake bugawa kowa ya ɗaga. Cikin daƙiƙa kaɗan malam ya ga amsa 80. “Kun gane?” kuwa amsarta ɗaya ce tun zamanin kakanni.

Duk wannan ba a koyon sa da kunne. Tun zango na biyu ya kamata a fara ƙaramin gwajin koyarwa: rukuni na mutum goma zuwa sha biyu, ɗaya ya koyar na minti goma, sauran su zama yara, a raba musu rawa a asirce, wannan mai barci, wannan mai amsar kuskure, wannan mai surutu. A ɗauka da wayar ɗaya daga cikinsu, ba sai an jira na'ura daga waje ba. A kalla tare, a tattauna abu ɗaya tak a kowane zama, yau yadda ake tambaya, gobe yadda ake ba da umarni, sannan ya sake koyar da darasin nan dai a mako mai zuwa. Sakewar ita ce maganin, kuma ita ake fara zubarwa in ɗalibai sun yi yawa. Mai kallon kansa a waya zai ga da idonsa cewa yana yin tambaya ya amsa wa kansa kafin daƙiƙa biyu, ko cewa layin gaba kaɗai yake kira.

Sitaji, zaman koyon aiki a makaranta, nan ne aka fi yin asara, kuma yawancin asarar ta kalanda ce. In shekarar jami'a ta zame, sai sitaji ya faɗo a Afrilu ko Mayu, ga zafi, ga bita, ga jarrabawar ƙarshen shekara, babu sabon darasin da za a ba baƙo ya koyar. In ya faɗo farkon Oktoba, makarantun da ke dogara da azuzuwan zana ba su gama kafa rumfuna ba, don sai an yi girbi ake samun kara. Tsakanin Nuwamba da Maris ne aji ke tafiya sosai. Muna ba da shawarar mako biyu na kallo zalla a shekarar farko, da takardar abin da za a lura da shi, mako huɗu na koyarwa tare da mai aji a ta biyu, sannan zango guda cur a ta uku, ɗalibi ya riƙe aji ɗaya da kansa. Kuma kada duka a yi su a manyan makarantun cikin gari. Wanda za a tura ƙauyen Keita ko Bouza ko Illela ya ɗanɗana aji marar littafi tun yana da mai gyara masa.

Mai ajin da ke karɓar ɗan sitaji shi ma sai an zaɓe shi, an horar da shi ko na kwana uku ne, an kuma ba shi ɗan alawus. In ba haka ba, abu biyu ne ke faruwa: ko ya miƙa alli ya tafi harkarsa, ko ya hana ɗalibin taɓa komai don kada a ɓata masa tsari. Malamin jami'a kuma ya zo aƙalla sau uku, ba ran ba da maki kaɗai ba, lokacin da an riga an yi wa yara bitar darasin jiya da yamma, kowa na ɗaga hannu kamar wasan kwaikwayo.

Akwai maganar harshe, wadda ba za mu tsallake ba. Tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Zinder, kuma shi kansa Abdou Moumouni da jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa ya yi kiran a koyar da harsunan gida tun 1964. A 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa harshen ƙasa. Amma jin Hausa daban, koyarwa da ita daban. Ɗalibai da yawa ba su taɓa rubuta ƙ da ɗ da ɓ ba. Malamin Faransanci da ya san Hausa ba ta da p da v, ba ta kuma jera baƙaƙe biyu a farkon kalma, ba zai yi mamakin yadda yaro ke furuci ba, zai shirya atisaye a kai. Harafin c a Hausa sautin “ci” yake bayarwa, a Faransanci k ne ko s. Malamin lissafi ya san cewa yarinyar da ke tallar goro tana ninkawa da biyar a ka duk wuni, tunda dala ashirin ita ce faran 100, kuma mai cewa “ashirin ba biyu” ya riga ya san ragi. Wannan yarinyar ce za a ce mata a Faransanci saba'in sittin da goma ne, casa'in kuma ashirin huɗu da goma, ta rubuta 6010 a ce ba ta da kai. A Tawa ga kuma 'ya'yan Buzaye da na Fulani a aji ɗaya, don haka darasin ya haɗa da yadda ake sa yaro ya fassara wa ɗan'uwansa ba tare da aji ya watse ba.

Gyaran takardu ma lissafi ne da ba a yi wa ɗalibi. Aji huɗu masu yara 80 takarda 320 ke nan. Minti biyar kowace, awa 26 da minti 40. Wanda bai koyi tsara gajeren gwaji da ma'aunin maki tun kafin ya ba da shi ba, zai mayar da takardu bayan wata guda, ko ya daina ba da aiki.

Jarrabawar tantance malaman kwantaragi ta 2017 ta nuna wa ƙasa abin da ke biyo bayan ɗaukar mutum a jefa shi aji babu shiri. Abin da muke roƙon shugabannin tsangayoyi da ma'aikatun da abin ya shafa shi ne su ware aƙalla kiredi 60 cikin 180 ga dabarun koyar da fanni, ƙaramin gwaji da sitaji. Sannan a cire makin sitaji daga tsarin da darasi ke cike giɓin wani darasi. Wanda ya samu 7 bisa 20 a gaban yara kada 16 ɗin da ya samu a tarihin ilimi ta tsallakar da shi. Ya sake zango ɗaya a wata makaranta, ƙarƙashin wani mai aji, alƙalai uku su sake zama a bencin baya.

Mun gode, Allah ya ƙara wa jarida albarka.

Wasu malamai masu bibiyar 'yan sitaji,
Tawa