Barka da Sallah daga bakin kogin Gambiya

Assalamu alaikum. Umma, Baba, Yaya da duk mutan gida, barkanmu da sallah, Allah ya karɓi ibadunmu, ya maimaita mana, ya nuna mana ta baɗi da rai da lafiya. Tun safe nake ƙoƙarin kira amma netwok ɗin ƙauyen nan sai ka hau tudun bayan makaranta ka ɗaga waya sama kamar mai duban wata, shi ya sa na ce bari kawai in zauna in rubuta doguwa. Auta ka karanta wa Umma a hankali, banda tsallake layi, na san halinka.

Lafiyata ƙalau wallahi. Umma ki kwantar da hankalinki, ramar da kika gani a hoto zafi ne kawai, zafin nan kafin saukar damina ko Sakkwato albarka.

Mun yi idi ɗazu a fili gindin bishiyoyin mangwaro, a nan Tobaski suke ce wa babbar sallah. Kun riga mu da awa ɗaya, lokacin da na san kuna kan hanyar dawowa daga idi mu ko wanka ba mu gama ba. Babu hawa babu tambari babu algaita, ana idarwa liman ya yanka ragonsa kowa ya nufi gida, ni dai da na tuna yanzu haka Zariya ta cika da dawakai sai na ji wani abu ya tokare min maƙogwaro, na wayance da cewa ƙura ce. Bana ban yi layya ba, ragunan nan yawanci daga Senegal da Mali ake shigo da su kuma tsadarsu ba a magana, na je lumo, wato kasuwar mako, na taya ɗaya mai ragon ya dube ni ya yi dariya har da riƙe ciki. Amma kun san me? Kafin azahar kwano bakwai aka aiko min, bakwai cif na ƙirga, hanta da gasasshen nama da albasa jingim, wani gidan ma ban san na waye ba, yaro ya dire ya ce na Ticha ne ya ruga. Su a ranar suke gashi su ci, ba irin namu ba da Umma za ta kwana biyu a bakin kasko tana suya ana zubawa a gwangwani har watan gobe. Da la'asar kuma yara suka fito da sabbin kaya gida-gida suna "salibo, salibo", barka da sallar su ke nan, duk canjin dalasi, kuɗin ƙasar nan, da na ɓoye ya ƙare tas.

Mai gidan da nake zaune dattijo ne Bamandinke, ƙanen alkalo. Alkalo shi ne mai gari. Ranar da na iso aka ce min taso mu je wajen alkalo, gabana ya faɗi, na ce daga zuwa sai gaban alƙali, me na yi? Ashe goro kawai za a kai a gaisa. A kwano ɗaya muke ci da shi da 'ya'yansa, kuma al'adarsu mai gida ya riƙa gutsuro kifi ko nama yana turowa gabanka, in ka ce ka ƙoshi kamar ka zage shi ne. Abincin dai shinkafa ce safe da rana da dare, yau domoda, miyar gyaɗa mai kauri, gobe benacin, dafa-dukansu da suke cika baki wai su ne asalin jolof. Ban yi musu ba don wallahi da daɗi, amma Umma in na tuna tuwon dawarki da miyar kuka da man shanu sai cokalin ya yi min nauyi. Zoɓo ma akwai, wonjo suke ce masa.

Aiki kuwa alhamdulillahi. Lissafi nake koyarwa daga aji 7 zuwa 9. Da turanci ake karatu amma yaran Mandinkanci da Fillanci suka tashi da shi, watannin farko na sha wuya, ina ta zuba bayani suna gyaɗa kai, in ba da aiki a kawo min farar takarda. Rannan haushi ya ishe ni na ɗebo gyaɗa a aljihu na fara lissafawa da ɗan Fillancin da na tsinta wajen Gwaggo, go'o, ɗiɗi, tati, nayi, jowi, ajin ya ruɗe da ihu wai ashe Ticha namu ne. Fillancinsu ya bambanta da na wajenmu amma ƙirgan ɗaya ne. Tun ranar suka saki jiki. Akwai wata yarinya da ke zuwa a keke daga wani ƙauye, tayar baya duk faci, ba ta taɓa makara ba kuma ita ce ta ɗaya, in ruwa ya sauka aka fara shukar gyaɗa rabin ajin gona za su tafi, ita nake wa fargaba. Na je na ga babanta mun sha ataya, wato shayinsu, har zagaye uku, ya ce zai duba, to Allah ya sa.

Wani abin da ya ba ni mamaki, ina tsaye a famfon tuƙa-tuƙa wani saurayi ya ce min "sannu aboki, ina kwana". Na kusa sakin bokiti. Ashe yana cikin samarin da ke bin hanyar Agadas zuwa Libiya da niyyar tsallakawa Turai, a Agadas ya daɗe yana dako har ya ji Hausa, ƙarshe ya dawo gida hannu rabbana. Ba ya son a tayar da zancen hamada. Yanzu shi ke kai ni garin Bansang a babur in zan yi sayayya, shi kaɗai nake jin Hausa a bakinsa duk da rabinta zagin tasha ne.

Yaya dan Allah ka fahimtar da Kawu, saƙonsa ya iso. Shi yana jin ƙasar waje sai ya hango dala. Wannan shirin gwamnatin tarayya ne na tura malamai da likitoci ƙasashen Afirka su taimaka, tun 1987 zamanin Babangida ake yinsa, shekara biyu ake yi a dawo, alawus ne na rufin asiri. Gambiyar ma gaba ɗayanta 'yar siririya ce a cikin cikin Senegal, ni kuma ina can ciki kusan kilomita 300 daga Banjul babban birninsu, da 'yar sola nake cajin waya, amalanken jaki ne tasin garin. Babur ɗin da yake so ya yi haƙuri tukuna. Abin da na turo ranar Talata na maganin ƙafar Umma ne da goron sallar yara, kar ya bi wata hanya.

Saura wata tara in sha Allah. Akwai wani abokin aikinmu da zai zo hutu Kaduna ƙarshen wata, zan ba Yaya lambarsa, a haɗa min yajin ƙuli da kilishi da ɗan soyayyen naman nan in ya kai, Auta kar ka taɓa. A gaida Gwaggo a ce mata Fillancinta ya yi rana, a gaida liman da mutan layi. Ga mai gida can yana ƙwala min kira an sake sauke wani kwanon, sai na hau tudu da daddare in netwok ya yarda.

Naku,
ɗanku na Gambiya