Yoyon gindin bututun hayaƙi

Malam Edita,

Kafin ruwan Agusta, ga shawara ga masu gidajen burodi da madafa a Damagaram. Inda ruwa ke ɗiga ba lallai nan ya shigo ba. Don gano inda yake shigowa, a zuba ruwa da buta daga ƙasan bututun zuwa sama, wani na ciki yana dubawa.

Yawanci laifin simintin da aka lafta a gindi ne: kwano na buɗewa da zafin rana, bulo ba ya binsa, sai simintin ya tsage. Ƙarin siminti ɓarnar kuɗi ce. A yanka tsagi mai zurfin santimita 2 a jikin bututun, santimita 15 sama da rufi, a cusa bakin lanƙwasasshen kwano, a toshe da siminti 1, yashi 3. A kwashe ƙasar da hunturu ya tara a bayan bututun, a sa masa hula.

Wasu magina, Zango, Damagaram