Tsawon yatsa da wasannin 'yan mata

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ni malamar wasannin motsa jiki ce a wata makarantar sakandare a Tawa, kuma ina so in yi tsokaci kan maganar da ake yaɗawa cewa ana gane mace mai baiwar wasa daga yatsunta.

Maganar tana da tushe. Masana irin su John Manning sun daɗe suna cewa sinadarin testosteron (wanda ya fi yawa a jikin maza) da ɗan tayi ke samu a cikin mahaifa yana da alaƙa da tsawon yatsan zobe idan aka gwada shi da manuniya, kuma a shekarar 2006 wani bincike da aka yi a Landan kan mata tagwaye ya nuna cewa waɗanda yatsan zobensu ya ɗara tsawo sun fi yin nisa a wasanni, musamman gudu. Sai dai wannan alaƙa ce mai rauni da ake gani a cikin taron jama'a, ba ma'auni ba ne da za a yanke wa yarinya ɗaya hukunci da shi.

Makon jiya na tarar da wata ɗalibata, wadda ta fi kowa gudu a ajinsu, ta shimfiɗa tafin hannunta a kan tebur tana auna yatsunta da tsinken tsintsiya, idanunta cike da ƙwalla, domin ƙawayenta sun ce mata jinin maza ne a jikinta. Abin ya sosa mini rai ƙwarai, don tun ranar ba ta sake zuwa fili ba.

Ina roƙon jaridarku ta nemi likita ya yi wa iyaye da ɗalibai cikakken bayani a kan wannan batu cikin Hausa.

Wassalam,
Malamar wasanni, Tawa