Waccan ba kunama ba ce, Malam Edita

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili in yi gyara kan labarin da kuka buga na sababbin "kunamu" da masana suka gano a tsibiran ƙasashen zafi. Hoton da kuka liƙa na baƙar kunama ce ta ɗage ƙari, alhali halittar da ake magana a kanta ko wutsiya ba ta da ita, balle ta harbi wani. Kamannin ne kawai, shi ya sa masana ke ce mata kunamar ƙarya.

Na yi shekara 27 ina koyar da ilimin halittu, amma sau ɗaya tak na gan ta da rai. Ina buɗe wata tsohuwar rajista da ta sha ƙura, sai ga wani ɗan abu ja-ja, bai kai kan ashana ba, ya miƙo hannuwa biyu masu kama da awartaki. Na kai masa bakin fensir, sai ya zura da baya da gudu, kamar wanda ya hango mai bin sa bashi. Farautar ƙwarin da ke cin takarda ta kawo shi. Irin wannan na cikin littattafai shi ne Chelifer cancroides, kuma tun zamanin Aristotle, masanin Girka na zamanin da, an lura da shi. Kunamun ƙarya ƙafa takwas gare su kamar gizo-gizo, galibinsu milimita 2 zuwa 8 ne, kuma an san fiye da iri 3,300. Da yawansu suna da dafi a ɗan awartakin nan, amma na kashe ƙananan ƙwari ne, bai isa ya yi wa mutum komai ba.

Sai kalmar "sabuwa". An samu burbushin kakanninsu a dutse mai shekara kusan miliyan 380, don haka mu ne sababbi. Abin da ya faru shi ne an raɗa suna, kuma raɗin nan aiki ne mai cin ido. Mai bincike zai tankaɗe ruɓaɓɓen ganye, ya jefa abin da ya samu cikin sifirit, ya zauna gaban madubin ƙara girma yana ƙirga haƙoran da ke bakin awartakin ɗaya bayan ɗaya, yana duba inda kowane dogon gashi ya tsiro, domin da gashin nan suke jin motsin iska. Ya auna, ya zana, ya gwada da duk 'yan'uwanta da aka sani. Daga nan a ajiye ƙwaya ɗaya a gidan adana kayan tarihi ta zama shaida ga duk mai musu.

Me ya sa tsibiri? Halittar nan ba ta da fiffike, sai dai ta maƙale a ƙafar ƙuda ko ƙwaro, ya tashi da ita kyauta. In zuriya ta faɗa tsibiri ta yanke daga dangi, a hankali sai ta zama irin da babu shi ko'ina a duniya. Mafi girmansu, Garypus titanius, wadda masanin halittu Max Beier ya raɗa wa suna a 1961, takan kai milimita 12, kuma mazauninta ɗan dutsen Boatswain Bird ne kaɗai, a gefen tsibirin Ascension da ke tekun Atlantika tsakanin Afirka da Kudancin Amurka, a cikin mazaunin tsuntsayen teku. Jiragen ruwa sun kai ɓeraye da kuliyoyi babban tsibirin, suka yi wa tsuntsaye ɓarna, amma ba su tsallaka zuwa dutsen ba. Ɓera ɗaya mai ciki ya isa ya jefa ta cikin hatsari. Wadda ba ta da suna kuwa, babu mai sa ta a jerin halittun da doka za ta kare.

In za ku sake buga labarin, don Allah a cire waccan kunamar, a sa hoton kunamar ƙaryar, da tsinken ashana a gefenta don a ga girmanta.

Naku,
Tsohon malamin ilimin halittu